Hausa a Bakin Iyaka: Harshe da Shaidar Zama Ɗan Ƙasa Tsakanin Nijeriya da Nijar

1.0 Gabatarwa

A cikin shekarar 2025 an yanke shawarwari guda biyu da suka shafi harshen Hausa, ɗaya a Nijar ɗaya a Nijeriya, kuma kowace ta fuskanci alƙiblar da ta saɓa wa ta 'yar'uwarta. A watan Maris, hukumomin mulkin soja na Jamhuriyar Nijar suka fitar da sabon kundin tafiyar da ƙasa wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sauko da Faransanci daga matsayin harshen hukuma zuwa harshen aiki, tare da Ingilishi. A watan Nuwamba kuwa, Ministan Ilimi na Tarayyar Nijeriya ya bayyana soke manufar nan ta 2022 wadda ta tanadi a koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare, aka ce Ingilishi ne zai zama harshen koyarwa tun daga matakin farko.

Waɗanda za su fi jin nauyin waɗannan shawarwari su ne mazauna garuruwan da ke kallon juna a kan iyakar ƙasashen biyu, irin su Jibiya da Ɗan Isa, ko Illela da Birnin Ƙonni, ko Kongolam da Ɗan Barto. A waɗannan wurare harshen gida ɗaya ne, amma harshen makaranta biyu ne. Yaron da ke wannan ɓangare yana tashi da Hausa da Ingilishi, ɗan baffansa da ke wancan ɓangare yana tashi da Hausa da Faransanci, ranar kasuwa kuma su haɗu a rumfa guda. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana wa malamai da masu tsara manhaja abin da yake bambanta Hausar ɓangarorin biyu da abin da ba ya bambanta su. Dalilin yin haka shi ne, manhajar Hausa ta daɗe tana cakuɗa abubuwa uku da ya kamata a rarrabe, wato karin harshe da kalmomin aro da ƙa'idojin rubutu, kuma wannan cakuɗawa tana sa ana yi wa yaran bakin iyaka kallon baƙi a cikin ajinsu.

2.0 Yadda Iyakar ta Samu

Iyakar Nijeriya da Nijar ta kai tsawon kimanin kilomita 1,500. Ta taɓa jihohin Nijeriya bakwai, wato Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Barno, ta kuma taɓa jihohin Nijar biyar, wato Dosso da Tawa da Maraɗi da Damagaram da Diffa. Ba a rana ɗaya aka shata ta ba. A 1890 Ingila da Faransa suka fara yarjejeniya a kan layin da ya tashi daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar tafkin Cadi. A 1898 aka sake zama, aka zana wani baka mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato. Da Faransawa suka gwada bin hanyar da wannan baka ya bar musu zuwa Damagaram, sai suka tarar babu isassun rijiyoyi a kanta, saboda haka suka nemi a sake lale. An gyara layin a 1904 da 1906, sa'annan tsakanin 1906 da 1908 wani kwamitin haɗin gwiwa ya bi ƙasa ya kakkafa alamomi 148. Ke nan buƙatar ruwan sha ta ayarin sojan Faransa tana cikin abubuwan da suka yanke wa garuruwa da dama hukuncin ƙasar da za su kasance a cikinta.

Sai dai akwai wani zance da aka saba maimaita wa ɗalibai, cewa Turawa sun zo sun tarar da ƙasar Hausa a dunƙule suka tsaga ta biyu. Wannan zance yana buƙatar gyara. Tun kafin zuwan Turawa akwai rabuwar siyasa a wannan yanki. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, gidan sarautar da aka kora ya yi arewa, daga bisani ya kafu a Maraɗi, kuma har yau Sarkin Katsina ake kiran mai riƙe da wannan sarauta. Gobirawa ma sun kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Damagaram kuwa da Barno take da alaƙar biyayya, ba da Sakkwato ba. A wurare da yawa layin Turawa ya bi kusa da inda ikon Daular Usmaniyya ya tsaya. Abin da Turawa suka kawo sabo shi ne iyaka mai duwatsun alama da ma'aikatan kwastan, da kuma wani abu da ya fi waɗannan tasiri, wato makarantar boko iri biyu.

Wani abin da ya kamata malamin tarihin adabi ya riƙa faɗa wa ɗalibansa shi ne, Maratta, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, a cikin Jamhuriyar Nijar take a yau.

3.0 Makaranta Iri Biyu, Rubutu Iri Biyu

Turawan Ingila sun mulki Arewacin Nijeriya ta hannun sarakuna, kuma sun ga cewa mulkin zai fi sauƙi idan aka yi shi da Hausa. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara koyarwa, kuma shi ne ya wallafa ƙa'idojin rubuta Hausa da boko a 1912. Daga nan aka samu Hukumar Fassara wadda ta rikiɗe ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dokta R. M. East, aka shigo da haruffa masu lanƙwasa a shekarun 1930, aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. Kafin samun mulkin kai, Hausa ta riga ta zama harshen elementare da na ofisoshin En'e da na muhawara a Majalisar Dokokin Jihar Arewa. Karin da aka gina wannan rubutu a kansa shi ne na Kano, kuma shi ne tushen abin da muke kira Daidaitacciyar Hausa.

Faransawa ba su bi wannan hanya ba. A makarantunsu Faransanci kaɗai ake ji tun daga ranar da yaro ya shiga aji, kuma ana hukunta wanda aka kama yana magana da harshen gida. Saboda haka Bahaushen Nijar da ya yi boko a wancan zamani ya fita da iya rubuta Faransanci, amma bai taɓa ganin an rubuta harshensa a allon makaranta ba. Sai bayan samun mulkin kai aka fara rubuta Hausa a hukumance a Nijar, ta hanyar shirin yaƙi da jahilci na manya. Taron da hukumar UNESCO ta shirya a Bamako a 1966 ya fitar da tsarin rubutu wanda Nijar ta ɗauka, wanda a cikinsa ake ninka wasali domin nuna tsawonsa, alhali Nijeriya ta ci gaba da nata tsarin. An yi shekaru ana rubuta harshe ɗaya da ƙa'idoji biyu, har zuwa taron daidaitawa da aka yi a Yamai a 1980, inda aka kusanto da tsarin Nijar zuwa na Nijeriya. A 1999 Ma'aikatar Ilimi ta Nijar ta fitar da dokar da ta tsayar da ƙa'idojinta. Bambancin da ya fi fitowa fili a yanzu ƙarami ne: inda muke rubuta 'ya'ya, su suna rubuta ƴaƴa. Abin lura ma shi ne, wannan harafi na ƴ ya shigo hannun matasan Nijeriya ta hanyar wayar salula, har wasu sun ɗauka shi ne ƙa'ida.

Ta fuskar koyarwa kuma, Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973, daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. Gwajin ya daɗe yana matsayin gwaji, bai game ƙasa ba. A Nijeriya, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a muhallinsa a shekarun farko na firamare, kuma wannan tanadi ya wanzu a gyare-gyaren da aka yi wa manufar a 1981 da 1998 da 2004. Duk malamin da ya koyar a ƙauye ya san yadda aka yi da wannan tanadi: littafin Ingilishi ne a hannu, bayani kuwa da Hausa, jarrabawa kuma da Ingilishi.

Akwai makaranta ta uku wadda iyaka ba ta raba ba, ita ce makarantar allo. Almajirai daga Tawa da Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna zuwa Kano da Zariya da Maiduguri neman karatu, da irin rubutu ɗaya da irin ƙira'a ɗaya, kuma wasiƙar ajami da aka rubuta a Tasawa ba ta buƙatar tafinta a Kazaure.

4.0 Me ke Nuna Ƙasar Mutum a Bakinsa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci ga malamin Hausa, kuma a nan ne aka fi yin kuskure.

Iyakar ƙasashen biyu ta miƙe ne daga yamma zuwa gabas. Iyakokin kare-karen Hausa kuwa ba su bi ta ba, gitta ta suka yi. Masana sun daɗe da kasa kare-karen Hausa zuwa manyan rukunai biyu, na yamma da na gabas, da wasu a tsakani. Sakkwatanci da Gobiranci da Adaranci da Arewanci 'yan ɗaki ɗaya ne, ko da yake biyu na ƙarshe a Nijar suka fi yawa. Hausar Maraɗi da ta Katsina ɗanjuma ne da ɗanjummai. Haka nan Hausar kudancin Damagaram ta fi kusa da ta Daura fiye da yadda ta kusanci ta Dogon Dutse, duk da cewa ƙasarsu ɗaya da Dogon Dutse. Idan yaro ya ce munka zo maimakon muka zo, ko shina tahiya maimakon yana tafiya, ko wanga maimakon wannan, ko ɗiya maimakon 'ya, ko biyat maimakon biyar, ko lahiya maimakon lafiya, bai gaya mana kome ba game da ƙasarsa. Abin da ya gaya mana shi ne daga yammacin ƙasar Hausa ya fito. Mutumin Illela da na Birnin Ƙonni duka haka suke faɗa, kuma haka kakanninsu suke faɗa tun kafin a haifi wanda ya kafa duwatsun iyaka.

Amma a zahiri, a makarantu da yawa na gabashi da kudancin ƙasar Hausa, da zarar yaro ya furta irin waɗannan siffofi sai a ce da shi ɗan Nijar, ko a ce Hausarsa ta Faransa ce. Wannan jahilci ne na ilimin karin harshe, kuma abin takaici shi ne wani lokaci daga bakin malami yake fitowa.

Abin da yake nuna ƙasa da gaske shi ne kalmomin aro, kuma su ma a wasu fagage kaɗai: makaranta da ofis da asibiti da soja da kuɗi da abin hawa, wato duk inda hannun gwamnati ya kai. Yaron Nijar lakwal yake zuwa, inda mushe yake koyar da shi, yana rubutu da bik a cikin kaye. Ɗan'uwansa na Nijeriya makarantar boko yake zuwa, wurin malam ko ticha, yana rubutu da biro. Kalmar biro ɗin nan ma tana iya haɗa faɗa, domin a Nijar ofis take nufi. Haka kalmar likita: a Nijeriya mutum ne, a Nijar kuwa sau da yawa wurin da ake zuwa neman magani ake nufi, mutumin kuma lokotoro. A can ana cewa duwan, a nan kwastan. A can kamyo, a nan babbar mota. A can jandarma, a nan kuwa babu ma irin wannan ma'aikaci. Idan aka fita daga waɗannan fagage aka shiga gona ko ɗakin girki ko wurin biki ko zaman makoki, bambancin sai ya ɓace. Sunayen gero da dawa da kayan aikin noma da sunayen dangi da gaisuwa da karin magana ba su san da wata iyaka ba.

Lissafin kuɗi misali ne da ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna irin ƙwarewar da yaran bakin iyaka suke da ita wadda makaranta ba ta lura da ita. A Nijar ba a ƙirga sefa ɗai-ɗai, da dala ake ƙirgawa, kuma dala ɗaya tana daidai da sefa 5. Saboda haka abin da aka rubuta 100 a jikinsa, dala ashirin ake kiransa. Na 500 dala ɗari. Na 1,000 kuwa jika guda. A Nijeriya kuma tsofaffi sun san jaka a matsayin fam 100, wato naira 200. Yarinyar da ke tallar goro a kasuwar Maigatari ko ta Jibiya tana juya waɗannan lissafe-lissafe a ka, ta ninka da biyar, ta raba da biyar, ta kuma mayar da su naira bisa canjin ranar. Wannan yarinya ce kuma za a zaunar a aji a ce ba ta iya lissafi ba, saboda an yi mata tambayar da harshen da ba ta ji.

Fage na uku shi ne rubutu, kuma a nan harshe na biyu ne yake kutsowa cikin na farko. Wanda ya fara boko da Faransanci yakan rubuta ou a wurin u, da ch a wurin sh, da tch a wurin c, da dj a wurin j. Shi ya sa Tawa ta zama Tahoua a taswira, Tasawa ta zama Tessaoua, Usman ya zama Ousmane, A'ishatu ta zama Aïchatou. Wanda ya fara da Ingilishi shi ma yana da nasa: yakan rubuta ch a wurin c, ya sa p a wurin f, ya bar lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ. Ta fuskar ilimin harshe waɗannan kurakurai iri ɗaya ne, kuma magani ɗaya suke buƙata. Amma mun saba ganin na biyun har ya daina ba mu mamaki, na farkon kuwa muna ɗaukarsa alamar baƙunci.

Wani manazarci Ba'amurke, William Miles, ya zauna a ƙauyuka biyu maƙwabta, 'Yardaje ta ƙasar Daura da Yekuwa ta ƙasar Magarya, ya wallafa littafi a kansu a 1994. Abin da aikinsa ya fito da shi ya yi daidai da abin da harshe yake nunawa: mutanen ƙauyukan biyu Hausawa ne ba tare da wata tababa ba, amma kuma kowane ɓangare ya san ƙasarsa sarai, ya kuma ɗauki halayen irin mulkin da aka yi masa. Zama Bahaushe da zama ɗan Nijeriya ko ɗan Nijar ba kishiyoyi ba ne a wurinsu.

5.0 Nauyin Hausa a Siyasar Ƙasashen Biyu

Dalilin da ya sa shawarwarin 2025 suka saɓa wa juna yana cikin matsayin da Hausa take da shi a kowace ƙasa. A Nijar, Hausawa sun haura rabin al'umma, kuma da yawa daga waɗanda ba Hausawa ba suna jin harshen. Duk da haka an daɗe ana ɗari-ɗari da shi. Faransawa sun ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, kuma kusancin Damagaram da Kano yana cikin abubuwan da ba su kwanta musu a rai ba. Jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda aka haramta a 1959, tana da ƙarfi a yankunan Hausa, tana kuma da hulɗa da 'yan NEPU. Gwamnatocin da suka biyo baya sun zaɓi su jera harsunan ƙasar a sahu ɗaya, kamar yadda dokar 2001 ta lissafa harsuna goma a matsayin harsunan ƙasa, Faransanci kuma ya ci gaba da riƙe ofis. Kundin 2025 ya karya wannan sahu, ya fifita Hausa, ya kira sauran harsunan da ake magana da su. An yi haka ne a lokacin da ƙasar take yanke hulɗa da Faransa bayan juyin mulkin Yulin 2023, har ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Ba kowa ne ya yi murna ba, musamman a tsakanin masu magana da sauran harsunan, kuma rubuta abu a kundi daban yake da samar da malamai da littattafai.

A Nijeriya kuwa, Hausa ɗaya ce cikin manyan harsuna uku a ƙasar da ke da harsuna kusan 500, kuma duk wani yunƙuri na ɗaga ta ana fassara shi da yunƙurin ɗaga wani yanki. An ga haka a 1961 lokacin da aka kawo batun mayar da ita harshen ƙasa a Majalisar Wakilai a Legas, aka yi zazzafar muhawara. Tsarin mulkin 1979 da na 1999 sun tsaya ne a kan cewa za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Ingilishi, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. An sake ganin irin wannan ɗari-ɗari a 2007 sa'ad da aka cire rubutun ajami daga ƙananan takardun naira. Ingilishi ya zauna daram a Nijeriya ne domin ba na kowa ba ne.

Sakamakon haka ga ɗan bakin iyaka shi ne, a idon hukuma Hausarsa ba ta isa shaidar ƙasarsa ba, tun da ana jin ta a ɓangarorin biyu. Abin da ya rage a gwada shi da shi sai harshe na biyu, wanda yawancin talakawan yankin ba su mallake shi ba. Wannan ba ƙaramar matsala ba ce ga wanda ya je neman katin ɗan ƙasa ko takardar shaidar ƙaramar hukuma. Ya kamata kuma a tuna cewa ba kowane ɗan bakin iyaka ne Hausa take harshen uwa a gare shi ba. Akwai Dandawa da Zabarmawa a wajen Kamba da Gaya, akwai Mangawa da Barebari a gabas, akwai Fulani da Buzaye ko'ina. Ga waɗannan, Hausa harshen kasuwa ce, harshen makaranta kuma ya zama na uku.

6.0 Abin da ya Shafi Manhaja

Soke koyarwa da harshen uwa bai fitar da Hausa daga jadawalin darussa ba. Abin da ya yi shi ne ya mayar da darasin Hausa kusan wuri ɗaya tilo da yaro zai ga harshensa a rubuce a makaranta. Wannan ya ƙara wa darasin nauyi, kuma ya sa abin da muka zuba a cikinsa ya fi da muhimmanci.

A ra'ayin wannan mai nazari, ba a buƙatar a taɓa matsayin Daidaitacciyar Hausa. Ita ce ta ba mu damar buga littafi ɗaya a karanta shi daga Birnin Kebbi har Haɗeja, kuma Nijar ma a kanta ta dogara a rubuce-rubucenta. Gyaran da ake buƙata yana cikin yadda ake gabatar da ita. A halin yanzu batun karin harshe ba ya samun kulawa sosai sai a manyan azuzuwa, bayan yaro ya riga ya shafe shekaru ana ja masa jan biro a ƙarƙashin munka da wanga ba tare da an gaya masa dalili ba. Abin da ya fi dacewa shi ne tun daga tsakiyar firamare a riƙa nuna masa siffofin biyu gefe da gefe, a ce masa wannan ita ce ta magana a garinku kuma daidai ce, wannan kuma ita ce ta rubutu wadda kowa ya yarda da ita. Yaron da aka yi wa haka yana koyon ƙa'ida ba tare da ya ji kunyar bakin mahaifiyarsa ba. Haka kuma jagoran gyaran takardun jarrabawa ya kamata ya bambanta tsakanin kuskuren ƙa'idar rubutu, wanda ake rage maki a kansa, da kalmar wani kari wadda take Hausa ce tsantsa. Sau da yawa ma kalmar da mai gyara ya soke ta fi wadda ya sani tsufa a harshen.

Zaɓen matanin adabi shi ma yana da abin dubawa. Jerin littattafan da ake nazari a makarantunmu kusan duka daga wannan ɓangare suke, kamar dai Hausa ta ƙare ne a Kongolam. Alhali makaɗa irin su Mamman Gawo Filinge sun yi suna a ɓangarorin biyu, kamar yadda Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo suka yi, kuma kirarin 'yan kokawa na Nijar, inda ake gasar takobi ta ƙasa tun 1975, taska ce ta adabin baka da ba mu taɓa ba. Ƙamusun Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini zai amfani duk malamin da yake son ya san kalmomin da ɗalibansa suke kawowa daga ƙetare. Sanya irin waɗannan a manhaja ba zai rage wa yaro kishin Nijeriya ba, kamar yadda karanta marubutan Ingila bai mayar da kowa Bature ba.

Sai kuma batun Faransanci. Tun daga gyaran 1998, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ba shi matsayin harshen hukuma na biyu, amma ana koyar da shi ta hanyar Ingilishi, da misalai daga birnin Faris. A makarantun bakin iyaka wannan tafiyar kewaye ce. Yaron Jibiya ya riga ya san lakwal da kaye da duwan, ya san mutanen da suke faɗarsu, wataƙila ma a gidansu ake faɗarsu. Malamin da ya fara daga waɗannan kalmomi ya nuna masa asalinsu ya sami rabin darasinsa a shirye.

Abu na ƙarshe ya fi sauran gaggawa. Tun daga 2019 dubun-dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi saboda hare-haren 'yan bindiga, kamar yadda mutanen Barno da Yobe suka tsallaka zuwa Diffa kafin su. An kuma rufe iyakar daga 2019 zuwa 2020, aka sake rufe ta daga 2023 zuwa 2024, kuma kowane rufewa da buɗewa yana motsa iyalai. Yaron da ya yi aji uku a Nijeriya ya koma Nijar, ko ya yi uku a can ya dawo nan, yana rasa harshen koyarwarsa gaba ɗaya, a mayar da shi ajin farko ko ya bar makaranta. Abu ɗaya da zai iya tsallakawa da shi bai lalace ba shi ne iya karatu da rubutu da Hausa, idan an koya masa. Saboda haka kwalejojin ilimi na jihohin nan bakwai suna buƙatar su sa wa ɗaliban sashen Hausa wani kwas, ko da na zango ɗaya ne, a kan kare-karen yankin da kalmomin aro na Faransanci da ƙa'idojin rubutun Nijar. Akwai kuma buƙatar ɗan gajeren gwaji na karatu da lissafi cikin Hausa, wanda hedimasta zai yi amfani da shi ya san ajin da ya dace da yaron da ya dawo daga ƙetare, maimakon ya auna shi da Ingilishin da bai taɓa ji ba. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Yamai, ita ce ƙofar da ta dace a bi domin ma'aikatun ilimi na ɓangarorin biyu su amince da gwaji guda.